Géricault: yadda zanen fenti ke nuna rauni da fargabar ɗan Adam

Théodore Géricault (ana furta sunan Jeriko) mai zane ne ɗan ƙasar Faransa. An haife shi a birnin Rouen ranar 26 ga Satumba 1791, ya rasu a Paris ranar 26 ga Janairu 1824 yana da shekara 32. Sau uku kacal ya halarci babban baje kolin zane na Paris da ake kira Salon, wato a 1812 da 1814 da 1819. Duk da gajartar rayuwarsa, idan masana suka tashi bayanin yadda zanen siffar mutum ke nuna rauni da damuwar da ke cikin rai, sunansa na cikin waɗanda ake fara ambata.

Matsalar da ke gaban mai zane a nan tsohuwa ce. Tsoro ba shi da launi, haka ma shakka da hassada. Marubuci yana iya faɗin abin da ke zuciyar mutum, mai shirya fim yana da murya da motsi da kiɗa. Mai fenti kuwa ƙyalle ɗaya gare shi, da lokaci guda da ya tsayar cak. Hanyar da Géricault ya fi bi ita ce ya haɗa abubuwa biyu masu jan juna a jiki ɗaya ko a fili ɗaya: ƙafa ta nufi gaba ido yana baya, jiki ƙaƙƙarfa amma babu abin da ƙarfin zai tsinana, fuska a natse amma baki a ɗaure. Daga wannan saɓani mai kallo ke jin cewa akwai abin da ke ci a ciki. Ayyukansa uku sun isa a ga yadda abin yake.

Sojan da ba a ga rauninsa ba

A Salon na 1812, yana ɗan shekara 21, Géricault ya nuna wani hafsan sojan doki na rundunar Napoleon bisa ingarma da ya yi tsaye da ƙafafun baya, takobi a zare. Zanen ya dace da zamanin, ya kuma samu lambar zinariya. Shekara biyu bayan haka daular Napoleon ta faɗi, sojojin ƙasashen waje suka shiga Paris, sai ya kawo wani zanen mai suna Cuirassier blessé quittant le feu, wato soja mai sulke da ya ji rauni yana barin fagen fama.

A wannan karon sojan a ƙasa yake. Yana gangarowa daga tudu, hannu ɗaya riƙe da linzamin dokin da ke fizga, ɗayan kuma ya dogara da takobinsa kamar yadda tsoho ke dogara da sanda. Mutum ne ƙato, sulkensa na ƙyalli. Amma ya waiwaya baya, ya ɗaga ido sama wajen hayaƙin da ya baro. Mai kallo zai nemi raunin da sunan zanen ya ambata ya rasa, domin babu wani babban sara ko jini mai kwarara. Masu sharhi na lokacin ba su yi na'am da aikin ba.

Abin da suka ɗauka aibi shi ne ƙarfin zanen. Makamin da aka ƙera don sara ya koma abin dogarawa, wannan kaɗai ya faɗi labarin shan kashi. Ƙafafu suna neman tsira, wuya ya murɗe zuwa inda haɗarin yake. Duk wanda ya taɓa gudu daga wani abu yana waiwaye ya san wannan murɗewar a jikinsa, shi ya sa ba ya buƙatar a nuna masa jini.

Abin da ya faru da jirgin Méduse

Babban aikin Géricault ya samo asali daga wani abin kunya da ya auku a gaɓar Afirka ta Yamma. A watan Yuni 1816 jirgin ruwan yaƙi mai suna Méduse ya tashi daga Faransa da mutane kimanin 400, cikinsu har da sabon gwamna Julien Schmaltz, za su karɓi birnin Saint-Louis na Senegal daga hannun Ingila. Kyaftin ɗin jirgin, Hugues Duroy de Chaumareys, ya fi shekara ashirin bai ja jirgi ba. Biyayyarsa ga gidan sarautar da ta dawo mulki ce ta ba shi muƙamin. Ranar 2 ga Yuli ya kafe jirgin a rairayin Banc d'Arguin, gaɓar ƙasar Muritaniya ta yanzu.

Ƙananan jiragen ceto ba su isa kowa ba. Aka ɗaɗɗaure katakai aka yi wani dandamali mai tsawon kimanin mita 20 da faɗin mita 7, irin wanda Faransawa ke kira radeau, aka loda masa mutum kimanin 147, akasarinsu ƙananan sojoji, da mace guda. Manya suka shiga jiragen da alkawarin za su ja dandamalin da igiya har gaɓa. Ba a yi nisa ba aka saki igiyar. Kwana goma sha uku mutanen suka yi a teku. Aka yi faɗa, aka kashe juna, wasu suka faɗa ruwa da kansu, yunwa ta kai waɗanda suka rage ga cin naman gawa, daga baya masu sauran ƙarfi suka jefa marasa lafiya cikin teku don abin sha ya isa. Ranar 17 ga Yuli jirgin Argus ya tsinci mutum 15 da rai, biyar daga cikinsu suka cika ba da jimawa ba.

Biyu daga waɗanda suka tsira, likita Henri Savigny da injiniya Alexandre Corréard, sun buga labarin a littafi a 1817, gwamnati ta ji kunya ƙwarai. Kotun soja ta yanke wa kyaftin ɗin ɗaurin shekara uku kawai.

Lokacin da ya zaɓa

Géricault ya ɗauki aikin kamar mai binciken laifi. Ya zauna da Savigny da Corréard, ya sa kafintan da ya tsira ya ƙera masa ƙaramin samfurin dandamalin, ya kama ɗakin aiki kusa da asibitin Beaujon inda yake zuwa kallon majinyata da gawawwaki. Har sassan jiki yake kawowa ɗakinsa yana zana yadda launin fata ke sauyawa kwana bayan kwana. Ya aske kansa don kada ya yi sha'awar fita cikin jama'a. Zanen da ya fito, Le Radeau de la Méduse, yana da tsayin mita 4.91 da faɗin mita 7.16, mutanen ciki sun fi girman mutum na gaske.

Zane-zanen gwaji da ya bari sun nuna ya auna lokuta da dama: tawayen da aka yi a kan dandamalin, cin naman gawa, isowar masu ceto. Duk ya ajiye su. Abin da ya zaɓa shi ne safiyar ƙarshe, sa'ad da mutanen suka hango Argus can nesa ba su san ko an gan su ba. A labarin waɗanda suka tsira, jirgin ya ɓace musu bayan wannan hangowar, sai daga baya ya sake ɓullowa. A zanen, Argus ɗan ɗigo ne inda sama ta haɗu da ruwa, wanda bai san da shi ba yana iya wucewa bai lura ba.

Wannan zaɓi shi ne tushen fargabar da ke cikin aikin. Da ya zana ceto, da mai kallo ya huta. Da ya zana kisa, da mai kallo ya kau da kai. Sai ya tsayar da shi a tsakiya, inda fata da fid da rai suke daidai wa daida. Tsarin zanen ma haka yake ja biyu. Jikunan mutane suna hawa kamar tudu daga gawawwakin da ke ƙasa ta hagu zuwa sama ta dama, inda ake kaɗa ƙyalle. Iska kuwa ta cika ƙyallen da ke jikin sandar dandamalin tana tura shi hagu, nesa da jirgin ceto, wajen wata ƙatuwar igiyar ruwa da ta taso.

Akwai mutum ɗaya da ba ya cikin wannan yunƙuri. Dattijo ne mai furfura, jan ƙyalle a kansa, ya ba jirgin ceto baya, gawar wani saurayi kwance a cinyarsa, ya riƙe ta da hannu ɗaya don kada ta zame ruwa. Ɗaya hannun ya tallafe kumatu da shi. Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa wannan zama, tagumi ne, irin wanda in yaro ya yi babba ke cire masa hannu. Turawa ma sun daɗe da sanin sa a matsayin alamar baƙin ciki mai zurfi, Albrecht Dürer na Jamus ya yi amfani da shi tun 1514 a zanensa Melencolia. Abin lura shi ne wurin da Géricault ya ajiye dattijon: a gaba, kusa da mai kallo, yana fuskantar mu. Duk sauran suna kiran jirgi, shi kuwa ko an zo ko ba a zo ba, nasa ya riga ya ƙare. Idan aka rufe shi da tafin hannu a hoton zanen, sai aikin ya koma labarin tsira kawai.

A ƙololuwar tudun kuma wani baƙar fata ne tsaye kan ganga, wani ya riƙe shi ta ƙugu, yana kaɗa ƙyalle ja da fari. Ba a ganin fuskarsa, bayansa kaɗai ake gani. Ana danganta shi da Jean-Charles, sojan Afirka da ke cikin waɗanda aka tsinta da rai. Wanda ya tsaya aka zana shi kuwa Joseph ne, mutumin Saint-Domingue, Haiti ta yanzu, wanda ya yi suna a ɗakunan masu zane na Paris. A 1819 bauta tana nan daram a yankunan da Faransa ke mulka, sai 1848 aka soke ta, kuma jirgin Méduse kansa mulkin mallaka ya tafi kafawa. Ɗora begen kowa a hannun baƙar fata magana ce ta siyasa, kuma an fahimce ta. Ta fuskar karanta zane kuwa, ɓoye fuskar yana da nasa aikin. Tunda ba mu ga idonsa ba, ba mu san ko ya ga alamar an amsa masa ba. Sai dai mu karanta tsokar bayansa da miƙewar hannunsa, su kuma ƙoƙari kawai suke nunawa, ba sakamako ba.

A wuri ɗaya Géricault ya kauce wa gaskiyar labarin da gangan. Mutanen da suka yi kwana goma sha uku ba abinci a ƙarƙashin ranar Yuli sun rame, fatarsu ta sassale, gishiri ya cinye musu ƙafafu. Na cikin zanen kuwa ƙarfafa ne kamar ƴan kokawa, irin jikunan da ya gani a ayyukan Michelangelo lokacin zamansa a Italiya a 1816 da 1817. Ana iya cewa al'adar makarantar zane ce ta rinjaye shi, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma sakamakon ya fi ramar tasiri. Ramammen jiki tausayi yake jawowa, mai kallo ya tsaya daga nesa yana cewa Allah sarki. Ƙaƙƙarfan jikin da ƙarfinsa bai hana shi komai ba kuwa tsoro yake sawa, domin yana nuna cewa lafiya da ƙuruciya ba kariya ba ne. Ga kuma ƙananan abubuwa da ke karya wannan jarumta: safa da ta zame a ƙafar gawa, gatari mai jini a gefe, kan wani da ya nutse cikin ruwa jikinsa na kan katako. Saurayin da ya kifa fuska a tsakiya, hannu a miƙe, Eugène Delacroix ne ya kwanta aka zana, tun bai yi suna ba.

An rataye aikin a Salon na 1819 da sunan da bai ambaci Méduse ba, Scène de naufrage, wato hatsarin jirgi, amma babu wanda ya ruɗe. Ya samu lambar yabo, gwamnati ba ta saya ba. A 1820 aka kai shi Landan inda mutane kimanin 40,000 suka biya kuɗi suka kalla. Sai bayan rasuwarsa a 1824 gidan tarihi na Louvre ya saye shi kan kuɗi kimanin faran 6,000. Duhun da ake gani a zanen yau ya wuce wanda ya yi niyya, domin kayan fentin da ya haɗa sun yi ta baƙi da tsattsagewa da tafiyar shekaru. Mai sharhin da ya ɗora dukkan fassararsa kan wannan duhu, wani ɓangare lalacewar fenti yake fassarawa.

Fuskoki biyar

Aikin da ya fi kusa da ainihin wannan batu ƙarami ne, kuma ba a nuna shi ba a rayuwar mai shi. A farkon shekarun 1820 Géricault ya zana wasu masu taɓin hankali, kowane shi kaɗai, daga ƙirji zuwa kai, a ƙyallen da tsayinsa ke tsakanin santimita 60 da 90. Ana danganta aikin da likita Étienne-Jean Georget, wanda ya yi aiki a asibitin Salpêtrière na Paris, almajirin Philippe Pinel da Jean-Étienne Esquirol.

Esquirol ne ya shigo da kalmar monomanie cikin likitanci. Ma'anarta mutum ya kasance da hankalinsa a komai, ban da abu guda da ya kame masa tunani. Maganar ba ta tsaya a asibiti ba, domin dokar hukunta laifuka ta Faransa ta 1810 ta ce babu laifi a kan wanda ya aikata abu cikin hauka. Idan har akwai haukan da ba ya bayyana sai a abu ɗaya, to wa zai gane shi? Likitoci suka ce su ne, alƙalai da yawa suka ƙi. Georget na cikin waɗanda suka fi rubutu kan haka, musamman a shari'ar Henriette Cornier, ƴar aikin gida da ta kashe ƙaramar yarinya a 1825 ba tare da wani dalili da aka gano ba. A wancan zamani kuma an yi imani cewa ana iya karanta hali da cuta a fuska. Saboda haka hoton majinyaci hujja ce a wata gardama da rayukan mutane suka rataya a kanta.

Kafin Géricault, mahaukaci a zanen Turawa abin kallo ne. William Hogarth na Ingila a shekarun 1730 da Francisco Goya na Spain a 1794 sun zana gidajen mahaukata cike da tsiraici da sarƙa da kokawa. A fuskoki biyar na Géricault babu ko ɗaya daga cikin wannan. Bayan kowane mutum duhu ne kawai, ruwan ƙasa, ba taga ba gado ba mai gadi. Suna sanye da tufafinsu. An zaunar da su yadda ake zaunar da attajirin da ya biya kuɗi a zana shi.

Wadda ta fi shahara tsohuwa ce da ake kira mai ciwon hassada, tana gidan tarihi na Lyon. Farar hula ce a kanta, igiyar hular a kwance, furfura ta leƙo. Gefen idanunta ja ne, kuma jan ya yi daidai da na ƙyallen da ke wuyanta, ta yadda ido ke kai da komowa tsakanin su biyun. Ta karkata kai, ta kafa ido kan wani abu a gefe wanda mu ba mu gani. Leɓunanta a matse suke, gefe ɗaya ya ɗan ja, ba murmushi ba ne kuma bai kai tsaki ba. Na gidan tarihi na Gand a Beljiyam, wanda ake kira mai ciwon sata, gashinsa a hargitse, gemu ba gyara, fatar ta yi fari-fari da ɗorawa, idonsa ya tafi wani wuri. Da za a ce mawaƙi ne ko ɗalibin da ya kwana bai yi barci ba, da an yarda. Tsohuwar Louvre, mai ciwon caca, sandar dogarawa ce a gabanta, idanun sun yi ruwa-ruwa, babu kati babu kuɗi a zanen. Na Springfield a Amurka, wanda aka ce satar yara yake yi, shi ya fi kowa kama da mai neman a tausaya masa.

Mutum ɗaya ne kaɗai kayansa suka tona shi, dattijon da ke Winterthur a ƙasar Suwizalan, wanda ya ɗauki kansa kwamandan soja. Ya sa hula irin ta barikin soja, ya rataya wani ƙarfe a ƙirji kamar lambar girma. In aka matsa kusa sai a ga lamba 121 ce a jiki, irin ƙarfen shaida da ake ba mutum. Abin da aka ba shi don a ƙidaya shi, shi ya mayar abin alfahari. A nan ma salon sojan 1814 ne ya dawo, inda takobi ya zama sanda: abu ya bar aikinsa ya kama wani, sai ya faɗi halin mai shi.

Abin da ya haɗa su biyar shi ne babu wanda ya kalli mai kallo. A zanen fuska na al'ada, wanda aka zana ya san ana kallonsa, ya shirya, ya gyara zama, yana mayar da kallo. Waɗannan kuwa hankalinsu na wani wuri. Muna iya ƙare musu kallo, su ba su kare kansu ba, kuma wannan rashin kariya shi ne raunin da ake ji. Fentin ma da sauri aka shafa shi, tufafi da ƴan shafe-shafe kaɗan, aka tara aikin a kewayen ido da baki.

Inda fassara ke zamewa

Sunayen nan da ake kiran zanen da su ba daga bakin Géricault aka ji su ba. Bayan rasuwar Georget a 1828 zanen sun ɓace daga idon jama'a. Sai a 1863 marubuci Louis Viardot ya gan su a birnin Baden-Baden na Jamus, a wurin wani likita mai suna Lachèze, ya rubuta wasiƙar da ta sanar da duniya. Daga wannan wasiƙa aka samu labarin cewa asali guda goma ne, an raba su biyar-biyar tsakanin almajiran Georget biyu, daga ita kuma aka samu ciwon da aka laƙaba wa kowane. Shekara arba'in ke nan bayan an yi zanen. Masana tarihi sun kuma lura cewa Salpêtrière asibitin mata ne, maza a Bicêtre ake ajiye su, saboda haka mazan uku ba daga ɗakin Georget na Salpêtrière suka fito ba.

Wannan yana da nauyi ga duk mai son karanta zane. Wanda aka gaya wa cewa tsohuwar Lyon hassada ke cinta, zai ga hassada a jan idonta. Har laƙabin kurar Salpêtrière aka yi mata. Wanda ba a gaya wa komai ba yana iya ganin tsohuwar da ciwon ido ya dama, ko wadda ta gaji da zama wuri ɗaya. Fuskar tana nuna cewa akwai damuwa, wannan kam babu musu. Irin damuwar kuwa, rubutun da ke ƙasan firam ne ke faɗa. Likitanci ma ya bar maganar monomanie tun tsakiyar ƙarni na 19, ya kuma bar da'awar gane ɓarawo daga fuskarsa, wadda ta jawo zalunci mai yawa a inda aka yi aiki da ita.

Al'adar mai kallo ma tana shiga ciki. A Paris, wanda ya ƙi haɗa ido da kai ana iya ɗaukarsa mai ɓoye wani abu. A Maraɗi ko Damagaram, yaron da ya kafe babba da ido shi ne marar kunya, sunkuyar da kai ladabi ne. Don haka kau da ido shi kaɗai ba hujja ba ne. Abin da ya bambanta fuskokin Géricault shi ne ba ƙasa suke kallo ba, ba kuma kauce wa kowa suke yi ba. Idon a kafe yake kan wani abu takamaimai da babu shi a ɗakin. Mai jin kunya ya san kana nan, waɗannan kuwa kamar ba su sani ba.

Akwai kuma jarabar karanta rayuwar mai zane a cikin aikinsa. Géricault ya haifi ɗa a 1818 da matar kawunsa, abin da iyali suka rufe, ya kuma shiga matsananciyar damuwa bayan Salon na 1819. Wasu marubuta sun ɗora fassarar fuskokin biyar kacokan kan wannan. Yana iya bayyana dalilin da ya sa ya zauna gaban waɗannan mutane ba tare da raini ba. Bai bayyana dalilin da ya sa jan wuyan tsohuwar ya dace da jan idonta ba, wannan shawara ce ta mai sana'a.

Bayansa

Waɗanda suka biyo baya sun rabu hanya biyu. Gustave Courbet, a zanen kansa da ake kira Le Désespéré na shekarun 1840, ya zaro ido ya cusa yatsu cikin gashi yana fuskantar mai kallo kai tsaye, fargaba a fili kamar ta ɗan wasan kwaikwayo. A ƙarni na 20 Egon Schiele na Austriya da Francis Bacon a Ingila sun murɗe jikin kansa. Lucian Freud kuwa ya fi kusa da natsuwar Géricault, inda mutum ke zaune ba ya yin komai amma an kasa samun sukuni a gabansa. A asibiti, kyamara ta karɓi aikin: daga 1876 aka fara buga kundin hotunan majinyatan Salpêtrière a ƙarƙashin likita Jean-Martin Charcot.

Zanen Méduse bai daina aiki ba. A 2015 mai zanen bango Banksy ya sake shi a wani bango a Calais, garin da baƙin haure ke taruwa don tsallakawa Ingila, ya sa jirgin alfarma na zamani a wurin Argus. Ruwan da Méduse ta kafe a cikinsa kuwa yana kan hanyar da kwale-kwalen matasa ke bi yau daga Senegal da Muritaniya zuwa tsibiran Canaries.

Géricault ya yi fama da faɗuwa daga doki da ciwon ƙashin baya, ya shafe watanninsa na ƙarshe a kwance. Cikin abubuwan da ya bari akwai zanen gwaji na wani babban aiki kan cinikin bayi a gaɓar Afirka, wanda bai samu yi ba. An binne shi a maƙabartar Père-Lachaise, inda aka sassaƙa dandamalin Méduse da tagulla a jikin kabarinsa. Sojan 1812 da na 1814 da babban zanen duk suna Louvre. Fuskoki biyar ɗin suna warwatse a ƙasashe huɗu. A 2021 wani masanin kimiyya ɗan Spain, Javier Burgos, ya sanar a mujallar likitanci The Lancet Neurology cewa ya gano ɗaya daga cikin biyar da suka ɓata a hannun wani mai tara zane a Italiya, sai dai masana tarihin zane ba su haɗu kan amincewa da hakan ba.